Abubuwan da ya kamata ka sani game da fatsar kifin tirawut a madatsun ruwan Ingila

A tsakiyar Ingila akwai wata madatsar ruwa da ake kira Rutland Water. An tare ruwanta ne a shekarun 1970 domin garuruwan gabashin ƙasar su sami na sha, har sai da ƙauyen Nether Hambleton ya nutse a ƙarƙashinta. A faɗin fuskar ruwa, babu madatsar da ta kai ta girma a Ingila. Wanda ya je bakinta da safiyar watan Afrilu zai tarar da jerin kwale-kwale masu inji, mutum bibbiyu a ciki, kowa na kaɗa doguwar sanda siririya, igiya na kai da komo a sama. Wasu kuma suna tsaye cikin ruwa har cinya. Ba taru, ba koma, ba tana a bakin ƙugiya. Kifin da suke nema ma ba a ruwan aka haife shi ba, mota ce ta kawo shi daga gona aka zuba.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa wasan masu hali ne kawai. Akwai gaskiya a ciki, domin harka ce mai cin kuɗi. Amma wanda ya leƙa yadda ake tafiyar da ita zai ga tsari ne da ke tsaye a kan ƙidaya: an san kifin da ya shiga ruwa, ana ƙoƙarin sanin wanda ya fita, kuma duk mai riƙe da sanda ya biya. Wannan ƙidayar ce ta sa aka shafe fiye da shekara ɗari ana kamun kifi a wasu daga cikin waɗannan ruwaye ba su ƙare ba.

Wane irin kifi ne?

Tirawut ɗan'uwan kifin salmon ne, kuma ɗan ruwan sanyi. Iri biyu ake samu a madatsun Ingila. Akwai mai ruwan ƙasa-ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi da ja, wanda shi ne ɗan asalin Turai. Akwai kuma mai bakan gizo, wanda ke da zane mai launin hoda a gefensa tun daga kai har wutsiya. Asalinsa kogunan yammacin Amurka ta Arewa ne masu gangarawa tekun Fasifik, kuma a shekarun 1880 aka fara kawo shi Birtaniya.

Mai bakan gizo shi ne ya fi yawa a cikin abin da ake zubawa. Yana saurin girma a gona, yana yawo rukuni-rukuni kusa da saman ruwa, kuma idan ƙugiya ta kama shi yakan yi tsalle ya fito fili, abin da masu fatsa ke so ke nan. Mai ruwan ƙasa ya fi wayo da son zama shi kaɗai a ƙasa, ya fi tsawon rai, kuma a cikinsu ake samun ƙattin da ke cin ƙananan kifaye.

Dukansu biyun sun fi jin daɗi a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyos. Da ya wuce 20 sai su fara wahala, idan ya doshi 25 kuwa mutuwa ce ke tafe. A riƙe wannan, domin kusan duk wata matsala da ke damun harkar a yau tana komawa gare shi.

Yadda ruwan famfo ya zama wurin su

A da can, kamun tirawut da ƙwaron jabu, wato ƙugiyar da aka yi wa siffar ƙwaro, harkar manyan mutane ce a Ingila. Kyawawan koguna irin su Test da Itchen a kudancin ƙasar suna hannun masu filaye da ƙungiyoyin attajirai, talaka bai isa ya jefa igiya a ciki ba. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne ƙishirwar birane. Yayin da garuruwan masana'antu suka cika suka batse, sai aka riƙa tare kwaruruka ana tara ruwa, kuma hukumomin ruwan suka lura za su iya zuba kifi su sayar da tikitin yini ga duk wanda ya zo.

Tafkin Blagdon da ke kudu da birnin Bristol ya yi suna tun da aka buɗe shi ga masu fatsa a 1904. A can ne wani likita mai suna Howard Bell ya shafe shekaru yana buɗe cikin kifayen da ya kama yana duba abin da suka ci, sannan ya koma gida ya ɗaura ƙwarin jabu masu kama da abin da ya gani. Kafin shi, yawancin mutane ƙwarin da aka saba da su a koguna da tafkunan Sikotilan suke jefawa. A 1952 Tom Ivens ya fitar da littafin da ya zama jagoran masu fatsa daga bakin madatsa, ya koya musu jefa igiya da nisa da kuma sarrafa saurin janta.

Daga nan manyan madatsu suka biyo baya. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe Chew Valley a 1956, mai faɗin kusan eka 1,200. An buɗe Grafham Water a 1966, kuma har yau tsofaffin masu fatsa na ba da labarin shekararta ta farko, lokacin da kifayen da suka yi ƙiba da tsutsotsin gonakin da ruwa ya shanye suka riƙa tsinka igiyoyin mutane. Rutland ta karɓi masu fatsa a 1977. Ma'aikatan masana'antun takalma na Northampton da na ƙarfe na Corby da makamantansu su ne suka cika bakin waɗannan ruwaye, kuma daga cikin mutanen Northampton ne aka sami irin su Bob Church da suka ƙirƙiro sabbin dabaru. A yau kamfanin Anglian Water ne ke kula da Rutland da Grafham, Bristol Water kuma ke da Blagdon da Chew.

Me ya sa sai an zuba?

Tirawut ba ya hayayyafa a ruwa mai kwanciya. Macen tana buƙatar ƙorama mai gudu da tsakuwa mai tsabta, inda za ta tona rami da wutsiyarta ta zuba ƙwai, ruwa mai iska yana ratsa su har su ƙyanƙyashe. Yawancin manyan madatsun Ingila ba su da isassun irin waɗannan ƙoramu. Rutland da Grafham ma yawancin ruwansu da famfo ake turo shi daga koguna. Shi kuma mai bakan gizo, duk tsawon zamansa a Birtaniya, wurare ƙalilan ne kawai ya iya kafa zuriya da kansa, kamar kogin Wye na Derbyshire.

Saboda haka gonakin kifi ne ke riƙe da harkar. Ana rainon kifin da abincin kamfani har ya doshi kilo ɗaya, a ɗauko shi a motoci masu tankin iska, a zuba. Ba a zuba na shekara gaba ɗaya a rana guda. Ana raba shi kashi-kashi tun daga farkon kakar fatsa, a wurare daban-daban na bakin ruwa. Manyan madatsu kan karɓi dubun-dubatar kifaye a shekara. Babu kuma mai zuba kifi a ruwa sai da izinin Hukumar Kula da Muhalli ta ƙasar.

Mafi yawan kifin da ake zubawa mata ne juya, waɗanda ba za su taɓa yin ƙwai ba. Ana samar da su ne ta hanyar matsa ƙwan da ƙarfi a cikin wata na'ura, ko a ɗumama shi, jim kaɗan bayan an haɗa shi da ruwan namiji. Hakan na sa kifin ya tashi da jerin ƙwayoyin gado uku maimakon biyu. Amfanin abu biyu ne. Kifin da ba ya shirin haihuwa ba ya ramewa ko baƙi a lokacin sanyi, duk abin da ya ci a jikinsa yake zama. Sannan idan ya sulale ya shiga kogi ba zai gauraya jininsa da na kifin daji ba. Tun daga 2015 hukumar ta hana zuba mai ruwan ƙasa na gona mai iya haihuwa a kogunan Ingila, saboda wannan dalilin.

Masu fatsa suna bambanta kifi iri biyu, kuma a nan darajar mutum take. Akwai sabon zubi, wanda bai wuce kwanaki a madatsa ba. Wutsiyarsa a goge take saboda cunkoson gona, kuma duk abin da ya gifta mai ƙyalli sai ya kai masa cafka. Akwai kuma wanda ya tsira ya yi watanni ko ya ƙetare hunturu. Wannan ya koyi cin abincin ruwan, fukafukansa sun warke, jikinsa ya yi fari tas kamar azurfa, namansa ya yi ja. Mutum zai iya kama sabon zubi takwas kafin azahar ba wanda ya tanka masa, amma idan ya fito da irin wancan guda ɗaya mai kilo biyu ko uku, sai an taru a kansa a wurin awo.

Fatsa ba koto

A fatsar da aka sani, nauyin koto ko darma shi ke jan zare ya tafi. A nan kuwa abin da ke bakin zaren ƙugiya ce da aka naɗe da gashin tsuntsu, gashin zomo, zaren siliki ko ƙyalli, don ta yi kama da ƙwaro. Ba ta da nauyin da za a iya jefa ta ko taku biyar. Dabarar ita ce a mai da nauyin cikin igiyar kanta. Igiyar mai kauri ce, an lulluɓe ta da roba, tsawonta ya kai kamar mita 27 zuwa 30. Mai fatsa yana kaɗa ta baya, ya dakata ta miƙe, ya turo ta gaba, kamar yadda makiyayi ke kaɗa doguwar bulala, sai igiyar ta warware a sama ta ɗauki ƙwaron ta ajiye shi a hankali a kan ruwa. Wannan ɗan dakatawar shi ne abin da ya fi ba sabon shiga wahala. Ƙarfi ba ya aiki a nan, sanin lokaci ne.

Igiyoyin suna da lamba gwargwadon nauyin ƙafa 30 na farko. A madatsu an fi amfani da lamba 7, wadda nauyin wannan ɓangaren nata ya kai giram 12, tare da sanda mai tsawon ƙafa 9 da rabi ko 10. Akwai igiyar da ke yawo a saman ruwa, akwai mai nutsewa a hankali, akwai masu nutsewa inci 3, inci 5 ko inci 7 a kowace daƙiƙa. Wanda ya ƙware yakan zo da faifan naɗi da yawa, kowanne da irin igiyarsa, domin babbar tambayar yini ita ce a wane zurfi kifin yake. Idan yana ƙafa 12 a ƙasa, kai kana jan ƙwaronka a ƙafa 2, za ka yini ba ka ji ko taɓi ba. Shi ya sa bayan an jefa igiya mai nutsewa ake ƙirga daƙiƙoƙi kafin a fara ja, a riƙa ƙara ƙidayar har a dace.

A ƙarshen igiyar ana ɗaura siririn zaren da ido ba ya gani sosai, mai tsawon ƙafa 12 zuwa 20, a rataya ƙwari uku, wani lokaci huɗu, ɗaya a can ƙarshe sauran a kan gajerun rassa. Ta haka mutum ke gwada zurfi uku a jifa ɗaya.

Abin da kifin ke ci, wata bayan wata

Nan ne zuciyar sana'ar, kuma nan ne ta fi ƙayatarwa. Wanda bai san ƙwarin ruwa ba zai iya kama sabon zubi, amma ba zai wuce nan ba.

Abincin da ya fi kowanne muhimmanci wani ɗan ƙwaro ne mai kama da sauro amma ba ya cizo. Masu fatsa suna ce masa baza. Yana fara rayuwa a matsayin jar tsutsa a cikin laka. Idan lokaci ya yi sai ya sauya siffa, ya taso a hankali daga ƙasa zuwa sama, ya rataye a ƙarƙashin fatar ruwa yana ƙoƙarin fasa kwansonsa ya tashi. A wannan tafiyar ba shi da wata kariya, kuma tirawut na bin su yana tsinta ɗaya bayan ɗaya. Daga Afrilu zuwa Yuni dubbai kan dubbai suke tasowa. Ƙwaron jabun da ke kwaikwayonsa siriri ne ƙwarai, zare ne kawai a jikin ƙugiya da ɗan fenti mai sheƙi. Ana jefa uku, a bar iska ta ɗauki igiyar a hankali, kusan ba a ja ko kaɗan. Sabon shiga yakan kasa haƙuri ya fara ja, sai ya ɓata komai, domin baza na gaskiya ba ya gudu. Idan kifi ya ɗauka kuwa, sau da yawa sai dai ka ji an fizge igiyar daga hannunka.

A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu iska kan kaɗo wani baƙin ƙuda mai dogayen ƙafafu daga shingayen gonaki ya faɗa ruwa. Da Yuni ya kama, 'ya'yan wani siririn mazari mai launin shuɗi suna iyo zuwa ciyayin bakin ruwa don su hau su fito, kuma ana kwaikwayonsu da ƙwaro mai launin ganye da wutsiya mai laushi. A wannan lokacin ne kuma 'ya'yan ƙananan kifaye ke ƙyanƙyashewa, siraran kamar allura.

Akwai wasu halittu ƙanana ƙwarai da ake kira dafniya, waɗanda girmansu bai wuce kan allura ba, suna yawo gungu-gungu a tsakiyar madatsa. Idan rana ta ƙwalle sai su yi ƙasa, idan hadari ya rufe su taso, kifi kuma na biye da su. Ba wanda zai iya ɗaura ƙugiya daidai girmansu, don haka sai a jefa wani abu mai launin lemo a cikin gungun, kifin da ke tafe baki buɗe ya haɗa da shi.

Agusta watan wahala ne, ruwa ya yi ɗumi, kifi ya yi ƙasa. Da Satumba ta shigo sai harka ta dawo. Wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu ƙwarai yana fitowa daga ciyawa iska na watsa shi a ruwa, kuma 'ya'yan kifayen nan sun girma sun kai tsawon yatsa. Manyan tirawut kan rutsa su a gefen ciyawa ko ƙarƙashin gadar da ake ɗaure kwale-kwale, su afka musu, sannan su dawo su tsinci waɗanda suka suma. Masu neman babban kifi watan Oktoba da Nuwamba suke jira.

Ta yaya mutum zai san abin da ake ci yau? Yana kallon tsuntsaye: idan tsattsewa na shawagi dab da ruwa, ƙwari na tashi. Yana kallon yadda kifi ke fasa ruwa, ko a hankali ko da fantsama. Idan kuma ya kama na farko ya kashe, yana da wani siririn cokali da yake zurawa ta bakin kifin ya ɗebo abin da ke cikinsa ya zuba a farin murfi ya duba. Irin aikin da likita Bell ya yi ke nan, har yau ba a sami abin da ya fi shi ba.

Bakin ruwa ko kwale-kwale

Daga baki ya fi araha. Ana neman inda ƙasa ta yi tsini cikin ruwa, ko inda iska ke tara abinci, a tsaya. Iskar da ke zuwa daga hagu ta fi wa mai jifa da hannun dama sauƙi, domin tana kawar da ƙugiya daga kansa.

A kwale-kwale kuwa salon da ya fi shahara daga tafkunan Sikotilan da Ayalan ya samo asali. Ana juya jirgin a gicciye, a kashe inji, a bar iska ta tura shi, mutum biyu suna jifa gabansu. Don kada ya yi gudu ana jefa wata laimar yadi a ruwa ta bayansa tana riƙe shi. Da wannan salon ake gasa tsakanin Ingila, Sikotilan, Wales da Ayalan. A manyan madatsu sai da rigar ceto ake barin mutum ya hau, kuma tabarau da hula wajibi ne ga mai hankali, domin ƙugiyar da iska ta karkato ba ta san ido ba. Sandar kuma da kabon ake yin ta, tana jan wutar lantarki, saboda haka da an ji tsawa sai a kwantar da ita.

Gardamar da ba ta ƙarewa

Gasa ta haifar da wasu ƙwarin jabu da ba su yi kama da komai mai rai ba. Akwai bilob, wanda dunƙulen zare ne mai ƙyalli, launin lemo ko ɗorawa. Akwai bubi, mai idanu biyu na soso da ke sa shi yawo sama ko da igiya ta nutse. Ana jan su da sauri, sabon zubi na binsu a guje. Masu bin tafarkin kwaikwayon ƙwari suna ganin wannan ya zubar da mutuncin sana'ar. Masu gasa kuma suna cewa kifi ne alƙali.

A ganina kowa na da wurinsa. Yaron da ya zo karo na farko, ko ma'aikacin da ya sami hutun yini ɗaya ya biya tikiti, yana da haƙƙin ya kama kifin da aka zuba dominsa da duk abin da doka ta yarda. Inda nake da magana shi ne bubi a kan igiya mai nutsewa da aka bari a kwance. Kifi yakan haɗiye shi har maƙogwaro, ba a iya cirewa ba tare da rauni ba. Wurare da dama sun hana amfani da shi haka ga wanda ke da niyyar sakin kifi, kuma sun yi daidai.

Lasisi, tikiti da takardar rahoto

A Ingila da Wales duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin sanda kafin ya yi fatsa a ruwan daɗi. Na 'yan shekara 13 zuwa 16 kyauta ne amma sai an yi rajista. Akwai na yini ɗaya, na kwana 8 da na wata 12, kuma tarar wanda aka kama ba shi da shi na iya kaiwa fam 2,500. Kuɗin yana komawa aikin kula da kifi da koguna. Lasisin bai ba ka izinin shiga ruwan kowa ba, sai ka ƙara sayen tikitin madatsar da kake so, na yini ko na shekara, sannan kuɗin hayar kwale-kwale daban.

Kowane tikiti da iyakarsa. Kifi 8 shi ne adadin da aka daɗe da sani a manyan madatsu, yanzu kuma akwai masu araha da ke ba ka damar ɗaukar ɗaya ko biyu ka saki sauran. Wanda za a ɗauka ana buga masa ɗan guntun kulki a ka nan take, ba a barinsa yana shure-shure a ƙasa. Wanda za a saki kuma ana amfani da ƙugiya marar ƙaya, a cire ta kifin na cikin ruwa, a riƙe shi har ya farfaɗo.

Abu na ƙarshe kafin mutum ya tafi gida shi ne rahoto. Yana rubuta yawan abin da ya kama, nauyinsa, da wanda ya saki, ko da bai kama komai ba sai ya rubuta haka. Daga waɗannan takardu masu kula da ruwa ke fitar da matsakaicin kamun kowane mutum a mako, su buga shi kowa ya gani. Idan adadin ya faɗi sun san ko dai a ƙara zubi ko akwai abin da ke damun ruwan. Da shi suke tsara yawan kifin da za su saya baɗi da kuɗin da za su sa wa tikiti. Mutane na yawan magana a kan sanduna da ƙwari, amma ni a wurina wannan 'yar takardar ita ce ginshiƙin harkar duka.

Abubuwan da ke barazana

Na farko zafi ne. Ruwa mai digiri 10 na iya riƙe kusan miligiram 11 na iskar shaƙa a kowace lita, mai digiri 25 kuwa kusan 8 kawai, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙatarta. A ranar 19 ga Yuli 2022 zafi ya kai digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, abin da ba a taɓa aunawa ba a Birtaniya. Manyan madatsu masu zurfi suna da inda kifi zai fake, kuma a Rutland da Grafham akwai bututun da ke hura iska daga ƙasa, inda kifaye ke taruwa a lokacin zafi. Ƙananan tafkuna marasa zurfi su ne ke shan wuya. Da yawansu yanzu suna dakatar da zubi ko su rufe a tsakiyar bazararsu. Ruwan ɗumi kuma yana haɓaka wata ƙwarƙwatar kifi da ke manne wa fata tana hana shi cin abinci.

A nan ra'ayina a fili yake. Kifin da aka ja na mintuna a ruwa mai digiri 21 sannan aka sake shi, ko da an ga ya yi iyo ya tafi, sau da yawa mutuwa yake yi daga baya. Wanda zai yi fatsa a irin wannan ruwan ya kama abin da zai ci ya tsaya, ko ya haƙura ya jira sanyi. Wahalar da rai don jin daɗin hannu kaɗai zalunci ne, ko tikiti ya halatta shi.

Na biyu masu cin kifi ne. Wani baƙin tsuntsu mai nutso da ake kira komorant yana sauka garke-garke a lokacin sanyi, kuma doka na kare shi, ba a harbinsa sai da izini na musamman. Yana cikin dalilan da suka sa ake zuba kifi mai girma maimakon ƙanana masu araha. Akwai kuma fayik, dogon kifi mai haƙora, wanda ke ƙiba da tirawut har Chew Valley ta yi suna wajen ƙattinsa, aka ware lokacin kamunsa da tikitinsa daban.

Na uku baƙin halittu. A Satumba 2010 aka gano wani ɗan jatan lande a Grafham, ɗan asalin yankin Bahar Aswad da tekun Kasfiya, mai kashe ƙananan halittun ruwa. Tirawut ya koyi cinsa ya yi ƙiba, masu fatsa suka ɗaura masa jabu, amma tsoron kada ya bazu ya sa aka kafa ƙa'idar duba kaya, wanke su da shanya su kafin a kai su wani ruwan.

Zai rayu a ruwanmu?

A'a. Ruwan Tiga ko Kainji ya fi ƙarfinsa da zafi, can wurin karfasa ne da tarwaɗa da giwan ruwa. A Afirka sai a kan tsaunuka ake samunsa. Turawan mulkin mallaka sun kai shi kogunan tsaunin Aberdare na Kenya a 1905, akwai shi a Afirka ta Kudu, kuma ana kiwonsa a keji a madatsar Katse ta Lesoto ana fitar da shi waje. A wasu daga cikin wuraren nan ya cinye ƙananan kifayen asali, har ya sa iri biyun duka suna cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna idan aka kai su inda ba nasu ba.

Idan kana son gwadawa

Ga mai karatu da ke zaune a Birtaniya ko zai je ziyara, hanya a buɗe take. Manyan madatsu na shirya darasin sabon shiga tare da aron kaya, kuma wasu na da jirage na musamman da mai keken guragu zai iya hawa. Kada ka fara da sayen sanda. Ka sayi lasisin yini ɗaya ta intanet, ka nemi malami ya koya maka jifa a kan ciyawa, ka zaɓi watan Afrilu ko Mayu lokacin da kifi ke kusa da baki. Ka tambayi ma'aikatan wurin inda ake kamawa da zurfin da ake samu, za su gaya maka. In ka tashi tafiya, ko ka kama ko ba ka kama ba, ka cike takardar rahoton kafin ka bar wurin.